Labarin Hanyar Ledo, da Motoci Biyu da Suka Bi Ta da Hunturu

A cikin watan Janairu na shekara ta 1956, waɗansu samari shida, mutanen Ingila, suka sauka a Ledo da motoci biyu. Ledo ɗan gari ne a ƙarshen ƙasar Asam, can kusurwar Indiya ta arewa maso gabas, inda a ke haƙar kwal, a ke kuma noman shayi. Kusa da nan hanyar jirgin ƙasa ta ke ƙarewa. Daga nan in mutum ya dubi gabas ba abin da zai gani sai duwatsun Patkai, kurmi ya rufe su tun daga gindi har ƙololuwa, bayansu kuwa ƙasar Bama ce, wadda aka sāke wa suna Myanmar a 1989.

Rabon samarin nan da birnin Landan wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki, gama ran 1 ga Satumba, 1955, suka taso. Niyyarsu ita ce su kai Singafo ta ƙasa, a kan ƙafar mota, ba tare da an ɗora su a jirgin ruwa an zaga da su ba. Har ya zuwa lokacin nan ba wanda ya cika wannan tafiya. Wanda ya fi kusa shi ne Francis Birtles, mutumin Ostareliya, wanda ya ratsa duwatsun Naga zuwa Bama a 1928 da wahala mai tsanani, amma damina ta cim masa a kudancin Bama, tilas ya sa motarsa a jirgi daga Mergui zuwa Penang. Ashe ba duwatsu suka ka da shi ba, ruwa ne.

Biyar daga cikin samarin 'yan makarantar Kambirij ne, watau Adrian Cowell, da Tim Slessor, da Henry Nott, da Pat Murphy, da Antony Barrington Brown. Na shida, Nigel Newbery, shi kaɗai ne ɗan Oksfod, amma duk da haka aka sa sunan makarantun biyu a kan tafiyar, domin sunan nan ya kan buɗe ƙofar attajirai. Kowa da aikinsa. Cowell ya riƙe kuɗi da wasiƙu, Nott shi ne makaniki, Murphy ya riƙe taswira da neman takardun izini, Brown ya ɗauki hoto, Newbery ya kula da guzuri, Slessor kuwa shi ne magatakarda, shi ya rubuta littafin tafiyar da aka buga a 1957. Ba su da dukiya. Kamfanin Rover ya ba su aron motocin, waɗansu kamfanoni suka ba da mai da abinci da tufafi, wani saurayi kuma ma'aikacin BBC, David Attenborough, ya samo musu fim na ɗaukar majigi. Aka shafa wa mota ɗaya shuɗi mai duhu aka ce da ita Oksfod, ɗayar shuɗi mai haske aka ce da ita Kambirij.

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan motocin, domin ba domin irinsu ba da ba a yi maganar tafiyar ba. A zamanin nan da a ke magana, mota irin ta kullum galibi ƙafafunta biyu na baya ke ja, na gaba bin su kawai a ke yi da su. In na bayan suka faɗa cikin taɓo suka yi ta juyawa a banza, shi ke nan, sai a nemi majiya ƙarfi su tura. To, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera wata ƙaramar mota ta soja wadda inji ke juya ƙafafunta duka huɗu, ita ce jif, aka kuwa ƙera fiye da 600,000 kafin yaƙi ya ƙare. Wani injiniyan kamfanin Rover, Maurice Wilks, yana da tsohuwar jif a gonarsa, daga gare ta ya ɗauki dabara, aka fito da Land Rover a watan Afrilu, 1948. Da ya ke baƙin ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan yaƙi, sai aka yi jikinta da alminiyan, wanda ba ya tsatsa. Ban da giya ta kullum, tana da waɗansu sanduna biyu kusa da ƙafar direba, ɗaya mai rawayan kai ɗaya mai jan kai. In aka danna mai rawaya, ƙafafun gaba su kama ja. In aka jawo mai ja, sai gudu ya ragu ƙwarai ƙarfi ya ƙaru, motar ta riƙa rarrafe kamar kunkuru, amma ta hau abin da doki zai yi shakka. A gaban kowace daga cikin biyun nan kuma an ɗaura na'urar naɗe igiya, yadda in ta kafe za a ɗaura igiyar a gindin itace ta jawo kanta.

Amma abin da ya fi mota muhimmanci shi ne lissafin wata. Tuddan Turkiyya da na Farisa ƙanƙara ta kan toshe mashigansu in hunturu ya yi ƙarfi, sabo da haka dole a wuce su da kaka. Arewacin Bama kuwa akasin haka ne. Can damina ta kan sauka tun watan Mayu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, ruwan da a ke yi ya kan wuce inci 100, kowane ƙorama ya zama kogi. Sai sanyi ya shigo koguna su ke janyewa, laka ta bushe, matsattsaku su ɓuya, sauro ya ragu. Watau hunturun da ke rufe hanya a yamma shi ke buɗe ta a gabas, wanda kuwa ya makara a ɗaya ya rasa ɗayan. Shi ya sa suka tashi da farkon Satumba.

Tafiyarsu ta farko ba ta bukatar dogon bayani. Jirgin sama ya ƙetare da motocin zuwa Faransa, suka bi ta Jamus, da Ostiriya, da Yugoslabiya, da Girka, suka shiga Turkiyya. Daga Dimashƙu suka yanki hamada zuwa Bagadaza, suka hau tuddan Farisa, suka sauka ta Balucistan zuwa Fakistan da Indiya. Suka ratse zuwa Katmandu ta Nefal a kan sabuwar hanya wadda injiniyoyin Indiya ke cikin yankawa. Kafin wannan hanya, in mai sarauta a Katmandu ya sayi mota, ɗaukarta a ke yi a kafaɗar mutane da yawa a hau da ita duwatsu. Sa'an nan suka ƙetare Ganjis da Barmaputra a jirgin fito, har suka iso Ledo. Duk wannan an taɓa yi. Abin da ke gabansu shi ne ba a san halinsa ba, gama hanya ɗaya tak suka dogara gare ta, ita kuwa shekara goma ke nan da masu ita suka bar ta.

Ga asalin hanyar. Tun 1937 Japan ke yaƙi da Sin, ta kame mata tashoshin bakin teku. Domin kada a shaƙe su, mutanen Sin suka tara leburori wajen 200,000, suka yanka hanya da hannu daga Kunming zuwa iyakar Bama cikin 1937 da 1938, ta haɗu da jirgin ƙasa a Lashiyo. Tsawonta mil 717. Kaya su sauka a Rangun, jirgin ƙasa ya kai su Lashiyo, manyan motoci su kai Kunming. Da Japan ta ci Bama a 1942, Lashiyo ta faɗi a ƙarshen Afrilu, sai wannan jijiya ta tsinke. Dubban 'yan gudun hijira, yawancinsu Indiyawa mazauna Bama, suka nufi Asam a ƙasa ta cikin kwarin Hukawng da mashigin Pangsau, damina kuwa ta riske su a hanya. Waɗanda yunwa da zazzaɓi da atuni suka kashe ba su ƙidayuwa, har masu aikin hanya da suka zo daga baya suka riƙa tarad da ƙasusuwansu a zangon da suka kwanta.

Abin da ya rage shi ne a kai wa Sin kaya ta sama, bisa ƙarshen duwatsun Himalaya, jirage kuwa suna ta faɗuwa. Janar Joseph Stilwell na Amurka, wanda shi ma a ƙasa ya fito daga Bama a 1942, ya nace sai an yanka sabuwar hanya daga Ledo ta ratsa arewacin Bama ta tarad da tsohuwar. Churchill bai yarda da shawarar ba, ganinsa shi ne aikin zai yi nauyi, kuma ba za a gama ba sai bukatarsa ta wuce. Aka dai fara a watan Disamba, 1942.

Sojan Amurka wajen 15,000 suka yi aikin, fiye da rabinsu baƙaƙen fata ne, su ne direbobin katafila da manyan motoci. Tare da su akwai leburori wajen 35,000, mutanen gonakin shayi na Asam, da mutanen duwatsu, da Nefalawa, da kuma sojan injiniya na Sin. Mil 38 na farko ya hau da su zuwa mashigin Pangsau, ƙafa 3,727 bisa teku, wanda soja suka laƙaba wa suna mashigin Jahannama. Damina ta 1943 ta kusa tsai da aikin ɗungum: abin da katafila ta yanka da rana, dutse ya zabtaro ya binne da dare. A watan Oktoba aka ba Kanar Lewis Pick aikin. Ya sa aka riƙa yi dare da rana, da fitilu da wutar mai a cikin bokitai, har ran 27 ga Disamba, 1943, katafila ta farko ta sauka Shingbwiyang, mil 103 daga Ledo, a bakin kwarin Hukawng. Daga nan hanya ta riƙa bin sawun yaƙi, soja na gaba suna korar Japan, masu hanya na biye, bututun mai kuma na shimfiɗe a gefe.

A nan ne labarin ya taɓa mutanen ƙasashen Hausa, ko da ya ke ba su ne suka yi wannan hanya ba, kada a ba su abin da ba nasu ba. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Nijeriya suna cikin rundunar Janar Wingate wadda jirage suka sauke a bayan Japan a 1944, suka tsare hanyar jirgin ƙasa mai kai wa Japan gudummawa zuwa arewa, domin a sauƙaƙa wa Stilwell. Can kudu kuma, wajen Arakan, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, mutanen Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, suka yanka tasu hanyar jif da adda da diga da shebur, wajen mil 75 cikin duwatsu daga Chiringa zuwa kogin Kaladan, tsakanin Disamba 1943 da Janairu 1944. Su ma da hunturu suka yi, domin ba wani lokacin da za a iya.

Garin Myitkyina, wanda a ke faɗa Micina, a bakin kogin Irawadi, ya faɗi ran 3 ga Agusta, 1944, bayan an kewaye shi wata biyu da rabi. Stilwell bai ga ƙarshen aikinsa ba, gama rashin jituwarsa da Chiang Kai-shek, shugaban Sin, ya sa aka kira shi gida a watan Oktoba. Ran 12 ga Janairu, 1945, Pick, wanda ya zama janar, ya tashi daga Ledo da ayarin motoci 113: jif-jif, da motocin asibiti, da manyan motoci masu ja da ƙafa shida, waɗansu na jan igwa. Suka yi zango a Micina suna jira, domin har sa'an nan Japan na riƙe da wani yanki na gaba. Da aka share mahaɗar Mong-Yu, mil 465 daga Ledo, inda sabuwar hanya ta gamu da tsohuwa, ayari ya shiga ƙasar Sin ta Wanting ran 28 ga wata. Daga nan sai hawa da gangara: su sauka cikin kwazazzabon Salwin har ƙasa su ƙetare gadar lilo, su sāke hawa, su sauka na Mekong, sanyi na ƙaruwa, gama Kunming kanta ta fi ƙafa 6,000 bisa teku. Ran 4 ga Fabrairu suka shiga Kunming, mutane sun cika titi, mil 1,079 cikin kwana 24. Chiang, wanda ya sa aka kori Stilwell, shi ne kuma ya raɗa wa hanyar sunansa.

In za a bi gaskiya, ayarin Pick ba shi ne ya fara shiga Kunming daga Bama ba. Waɗansu motoci 'yan kaɗan sun riga shi da kwanaki, ta wata gajerar hanya daga Micina zuwa Tengchong wadda mutanen Sin suka yanka. Amma ba a yi musu kiɗa ba, kuma ba kasafai a ke tuna su ba.

To, me aka biya, me aka samu? Kuɗin da aka kashe ya kai wajen dala miliyan 150. Amurkawa fiye da 1,100 suka mutu, da yaƙi da ciwo da haɗarin aiki, shi ya sa soja suka riƙa cewa mutum guda a kowane mil. Mai karatu ya lura, wannan lissafi na Amurkawa ne kaɗai. Leburorin Asam da mutanen duwatsu da na Sin ba sa ciki. Abin da hanyar ta ɗauka kuwa bai kai abin da aka sa rai ba. A watan Yuli, 1945, ta kai wa Sin kaya wajen tan 6,000, jiragen sama kuwa suka kai wajen tan 71,000 a watan nan guda. Masu kāre Stilwell suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, watau cin Micina, wanda aka yi domin hanya, shi ya ba jirage damar bin ƙasa-ƙasa ta kudu maimakon kan manyan duwatsu, har kayansu ya yawaita haka. Hujjar ta karɓu, amma ba ta ka da maganar Churchill ba. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta, wata bakwai bayan tashin ayarin farko.

Da yaƙi ya ƙare Amurkawa suka kwashe abin da za su iya kwashewa suka tafi. Indiya ta sami mulkin kai a 1947, Bama a 1948, kowace da abin da ya dame ta. Bama ma tawaye ya tashi mata ta ko'ina. Sin ta koma hannun Kwaminis a 1949. Hanyar da aka yi domin ta haɗa ƙasa uku sai ta zama ba wanda ke bukatar ta haɗa kowa, ba baitulmalin da ya sa ta cikin kasafinsa, ba leburan da aka ɗauka ya share mata lambatu. Tsakanin Ledo da Mong-Yu ta ƙetare manyan koguna 10 da ƙananan rafuka 155, watau gada guda a kowane mil uku, kusan. Duk wakilin ayyukan da ya taɓa fita duba hanya bayan damina ɗaya, ya ga abin da kwalbati guda da ya toshe ya ke yi wa hanyar da aka kashe wa kuɗin shekara, ya san abin da damina goma za su yi wa irin wannan.

Wannan ita ce hanyar da samarin nan shida suka tsaya a bakinta. Sun yi ta tambaya tun suna Landan, ba wanda ya ba su amsa tabbatacciya. Waɗansu suka ce ta mutu, kurmi ya cinye ta. Sai da suka sami izini kafin su hau, domin yankin iyakar nan tun dokar 1873 baƙo ba ya shigarsa sai da takarda. Suka cika tankuna da jarkoki da mai, gama ba inda za a saya sai Micina. Suka ɗauki gatari da adda da shebur da igiyoyi, suka kama hawa.

Sanyin duwatsun Patkai ba na ƙanƙara ba ne, sanyi ne mai laima. Da asuba hazo ya kan cika kwaruruka har mutum ya ga kamar tafki ne a ƙarƙashinsa, raɓa na zuba daga itatuwa kamar yayyafi, ƙasar hanya kuwa ja ce mai santsi. Suka wuce Nampong, suka yi ta kwana-kwana har mashigin Pangsau, inda Indiya ta ƙare. Daga can a kan hangi wani tafki a gefen Bama wanda a ke kira tafkin da ba a komowa, sabo da labarun jiragen da a ke cewa sun nutse a ciki. Suka gangara.

Abin da suka tarar ya bambanta da abin da aka tsoratad da su, ya kuma bambanta da abin da Pick ya bari. Gadon hanyar yana nan, domin an yanka shi da faɗi an kuma zuba masa tsakuwa. Sai dai inda dā manyan motoci biyu ke gilma wa juna, yanzu ciyawa da gora sun matso har suna shafar motar ta kowane gefe. Motocin soja da injuna da aka watsar suna kwance a gefe, tsatsa ta ci su, kurangar daji ta naɗe su. Waɗansu gadojin ƙarfe suna tsaye. Na katako kuwa gara da ambaliya sun gama da su, galibi sai ginshiƙai. Sabo da haka yawancin aikin ba na tuƙi ba ne, na neman mashigi ne: a bar hanya, a nemi inda gaɓa ta yi sauƙi, a gangara, a shiga ruwa, a fita, a sāke neman hanya a ƙetare.

Ƙetare kogi da mota yana da ƙa'idarsa. Mutum ɗaya ya tuɓe ya shiga da sanda, ya auna zurfi, ya ji ko ƙasan tsakuwa ce ko yashi mai nutsewa, ya tsaya a inda ya ke so ƙafar mota ta bi. In ruwa ya yi yawa a kwance fambel, domin kada fanka ta riƙa watsa ruwa a kan fulogi inji ya mutu a tsakiya. A jawo sanda mai jan kai, a shiga a hankali, kada a yi gudu, kada kuma a tsaya. Mota ɗaya ke shiga, ɗayar ta jira a kan tudu da igiyarta a shirye. Sai ta fari ta fita lafiya ta biyu ta bi. In an fita a yi ta taka birki har ya bushe, in ba haka ba a gangara ta gaba ba zai kama ba. A watan Janairu ruwan duwatsu ya kan sa ƙafa ta mutu don sanyi, amma ya kan tsaya a gwiwa ko cinya. Rafin nan guda a watan Yuli giwa ma sai ta yi shawara. Nan ne amfanin motoci biyu ya bayyana, da na mutum shida: da mota ɗaya ce, kafewa ɗaya ya isa ya ƙare tafiyar, ba kuwa garejin da za a aika a kira.

Bayan Shingbwiyang duwatsu suka ƙare, suka shiga kwarin Hukawng, ƙasar Kacinawa, shimfiɗaɗɗen kurmi mai giwaye da damisa, inda a ke haƙo ƙāro mai daraja. Kogin Tanai, wanda shi ne kan babban kogin Cindwin, ya fi ƙarfin shiga, sai aka ƙetare da motocin a jirgin fito, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan hanya ta fara gyaruwa, domin akwai mutanen da ke bin ta zuwa kasuwa. Cikin 'yan kwanaki suka shiga Micina. Abin da aka ce ba shi yiwuwa sai ga shi an yi, ba wanda ya ji rauni, motocin kuma ba wadda ta lalace.

Ya kamata a raba yabon bisa adalci. Samarin sun yi shiri mai kyau, sun kuma yi ƙarfin hali, gama da damina ta yi musu sammako, ko gaɓa ɗaya ta zabtare a inda ba mazagaya, da sai su koma Ledo, in ma komawar ta yiwu. Amma ba su sare dutse ko ɗaya ba. Sun bi ta kan aikin mutum 50,000, a daidai lokacin da aikin ya tsufa amma bai mutu ba tukuna. Da sun zo shekara goma kafin haka, da soja ba su bar su sun wuce ba. Da sun ƙara shekara goma, da ƙofa ta rufe, domin bayan da Janar Ne Win ya ƙwace mulki a 1962 Bama ta daina barin baƙi su ratsa ta ƙasa. 'Yan ƙalilan ne suka bi sawunsu a 'yan shekarun da ke tsakani.

Daga Micina suka ƙetare Irawadi, suka bi ta Bhamo da Lashiyo zuwa Mandale, sa'an nan suka juya gabas suka hau tuddan Shan. A nan abin tsoro ba kogi ba ne, mutane ne, domin akwai 'yan tawaye, da kuma ragowar sojan Chiang da suka gudo daga Sin bayan 1949 suka kafa sansani a duwatsun. Gwamnatin Bama ta haɗa su da soja masu rakiya. Suka ƙetare Salwin a jirgin fito, suka wuce Kengtung, suka shiga ƙasar Tailan, suka gangara kudu zuwa Malaya. Ran 6 ga Maris, 1956, suka hau gadar Johor suka shiga Singafo, bayan wata shida da kwana shida, sun yi wajen mil 18,000. Bayan sun huta suka komo gida, galibin hanya ta ƙasa, suka iso Landan a watan Agusta.

Kamfanin Rover ya karɓi motocinsa. Kambirij ta sāke fita wata tafiya, ta faɗa wani kwazazzabo a Farisa, ba a komo da ita ba. Oksfod kuwa aka ba da ita ga waɗansu masu binciken tsuntsaye suka tafi da ita tsibirin Ascension, a tsakiyar tekun Atlantika, daga can ta koma tsibirin Saint Helena, ta yi aiki har ta gaji aka jingine ta. Jikin alminiyan ya hana ta ruɓewa. A 2017 wani mutumin Yorkshire ya komo da ita Ingila ya gyara ta, a 2019 kuma aka kai ta Singafo domin ta yi tafiyar a juye. Tim Slessor, yana da shekara 87, ya je da niyyar ya bi ta, amma ciwo ya kwantad da shi a ranar tashi, jikansa ya shiga a madadinsa. Suka tashi ran 25 ga Agusta, suka bi ta Bama da Indiya da Nefal da Tibet da duwatsun Asiya ta Tsakiya, sanyi na binsu a baya, suka shiga Landan ran 14 ga Disamba.